Kurakuran da ke hana kare ko kyanwa tsallake iyaka

Babban kuskure shi ne a yanki tikiti tukuna sannan a nemi likitan dabbobi. Mai niyyar tafiya da dabbarsa Turai ko Ingila daga Najeriya, Nijar ko Gana yana buƙatar aƙalla wata huɗu na shiri, domin ƙasashen nan suna cikin waɗanda ciwon haukan kare bai gushe ba a cikinsu, shi ya sa ake tsaurara musu sharuɗɗa.

A wurin jeranta matakai ne mutane suka fi faɗawa. Ana fara dasa wa dabbar maikurocif, wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ke ɗauke da lambarta a ƙarƙashin fata, sannan a yi mata allurar rigakafin haukan kare. In allurar ta riga na'urar, Tarayyar Turai ba ta lissafa ta, sai an sake. Ba a yin allurar kafin dabbar ta cika mako 12. Bayan kwana 30 da allurar a ɗebi jini a aika ɗakin gwajin da Tarayyar ta amince da shi, kuma sakamakon, wato ƙarfin rigakafin da ke cikin jinin, ya kai 0.5 IU/ml. Daga ranar da aka ɗebi jinin ake ƙirga wata uku na jira. Wasu na ƙirgawa daga ranar allura, sai su isa da wuri, a killace dabbar a kan kuɗinsu ko a mayar da ita inda ta fito. Abin tausayi ne ƙwarai, dabbar da ta saba da gida ta kwana a keji a baƙuwar ƙasa saboda kuskuren kwanan wata.

Takardar lafiya kuwa akasin haka ce, gaggawa ke lalata ta. Dole a bayar da ita cikin kwana 10 kafin isa Turai, da hatimin likitan gwamnati. A Najeriya a tuntuɓi NAQS, hukumar da ke duba shige da ficen dabbobi da kayan noma, kan izinin fitarwa. A sa likita ya karanta lambar na'urar a gabanka, ka gwada ta da ta kowace takarda.

Kada a ɗauka dokar ƙasashe ɗaya ce. Ingila, Ayaland, Finlan, Malta da Norwe suna so a ba kare maganin tsutsar ciki tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin shiga, kuma Ingila ba ta yarda dabba ta iso a ɗakin fasinjoji ba, sai ta sashen kaya. Amurka tun 1 ga Agusta 2024 ba ta karɓar karen da bai kai wata shida ba. Wanda aka yi wa allura a ƙasa irin Najeriya sai ya sauka a filin jirgin da ke da wurin duba dabbobi mai rajista da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, an kuma kama masa gurbi tun kafin tashi.

Sai batun keji. Ya zama dabbar za ta iya miƙewa tsaye, ta juya, ta kwanta a ciki, kuma a saba mata da shi makonni kafin tafiya. Kada a ba ta maganin barci, yana iya taɓa numfashinta da jininta a sama. Masu kyanwar Farisa da karnuka masu gajeren hanci su tambayi kamfanin jirgin tun farko, da yawansu ba sa ɗaukar irin waɗannan a sashen kaya.