Yadda ake ɗaura robar riƙe tulun iska a gefen mai nutso

Mu a Maraɗi ba teku gare mu ba, sai wanda tafiya ta kai Kwatano ko Lome, amma gyaran kayan nutso a tsakar gida ake fara shi.

1. Samu igiyar roba mai kaurin milimita 6; in tulun ƙarfe ne mai nauyi, ɗauki 8. Yanka guda 2, ka ƙona bakinsu kada zaren ya warware.

2. Ninka kowace ta zama madauki, ka zura bakunan a ramin farantin baya (farantin da mai nutso ke goyawa a bayansa), daidai allon kafaɗa, ka ƙulle.

3. Biyo da madaukin ta ƙarƙashin hammata, ka tsare shi da guntuwar igiya a majanyin kafaɗa, wato ɗamarar da ta biyo ta kafaɗarka.

4. Nan ake kuskure. Madaukin ya tsaya a bakin hammata ba ja. In ya yi sako-sako, kan tulun zai rito ƙasa. In ya matse, sai ka yi kokawa kafin ka zarga shi a wuyan bawul (makunnin iska da ke kan tulun), ya kuma goge maka fata. Bar rarar santimita 10 bayan ƙulli don gyara.

5. Maƙala ƙugiyar gindin tulu a zoben da ke jikin ɗamarar ƙugu, ka gwada a ruwa marar zurfi. Tulun ya kwanta daidai da jikinka. Na alminiyam gindinsa kan taso in iska ta ragu, sai ka maido ƙugiyar zuwa zoben da ke gaban ɗamarar.