Yadda za ka taimaka wa 'yan sikawut a Gombe, daga Oktoba zuwa damina

Aikin sikawut a wurinmu da kalandar makaranta yake tafiya. Da an koma aji a watan Satumba muke buɗe rajista, mu karɓi sababbin yara, daga nan kuma aiki ya yi ta bin aiki har damina ta zagayo. Yara kam ba ma rasa su. Manya muke nema. Ni malamin firamare ne a cikin garin Gombe, ina riƙe da rundunar sikawut ta makarantarmu, kuma na yi wannan rubutu ne domin iyaye, masu yi wa ƙasa hidima, ɗalibai da masu sana'ar hannu da ke tare ni a hanya su ce, "Malam, ina so in taimaka, ta ina zan fara?"

Fara da zuwa kallo. Ka nemi makarantar firamare ko sakandare mafi kusa da kai, ko a Bolari kake, ko Pantami, ko Jekadafari, ko Tumfure, ka tambayi hedimasta ko suna da runduna da kuma ranar da take taruwa. Yawanci da yamma ne bayan la'asar, ko Asabar da safe. Ka zauna a gefe ka ga yadda ake yi. Za ka lura an raba yaran rukuni-rukuni, shida zuwa takwas, kowane rukuni da jagoransa wanda shi ma yaro ne. Wannan tsari tun daga tushe yake. A 1907 da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya kai yara sansanin gwaji a tsibirin Brownsea na Ingila, haka ya raba su, kuma haka abin ya iso Nijeriya a 1915. Ma'anarsa a gare ka ita ce ba ka zo ka yi wa yara aiki ba. Idan tanti ya karkace, ka nuna wa jagoran rukuni inda turken ya kauce, ka bar shi ya gyara da mutanensa. Wannan ne ya fi yi wa sababbin manya wuya, domin hannu yana ƙaiƙayi.

Bayan ka kalla sau biyu ko uku, ka faɗa wa shugaban runduna abu ɗaya da ka iya da lokaci ɗaya da za ka riƙa bayarwa. Na ce ɗaya da gangan. Wanda ya ce "duk abin da ake so a kira ni" ba mu cika samunsa ba ranar da aka kira. Wanda ya ce "ni tela ne, Asabar ta farko a kowane wata zan zo in koya musu ɗinkin maɓalli da kafa baji," shi muke iya gina shiri a kansa. Ma'aikaciyar jinya ta ɗauki taimakon gaggawa. Kafinta ya nuna yadda ake riƙe zarto. Direba ya ɗauki jigilar kaya ranar sansani. Mahaifiyar da ta saba dafa abincin biki ta fi mu duka sanin mudu nawa zai ciyar da yara arba'in. Yaro yana lura da wanda ya yi alkawari ya cika, kuma idan ka ɓace sau biyu ba sanarwa, ba zai sake sauraronka da zuciya ɗaya ba.

Ba sai ka ɗinka kaki ba kafin ka fara. Amma idan abin ya shiga ranka har kana so ka zama shugaba, shugaban runduna zai haɗa ka da kwamishinan sikawut na yankinku, a yi maka rajista a ƙarƙashin ƙungiyar ta ƙasa, ka shiga horon farko na shugabanni. Matakin sama shi ne wanda ake rataya wa mutum 'yan guntayen itace biyu a wuya, horon da aka soma tun 1919.

Akwai ƙa'ida guda da ba a ɗaga wa kowa, ko malamin addini ne, ko ƙanin mahaifin yaron: babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai. Kullum manya biyu, kullum a bainar jama'a. 'Yan mata kuma mata ne ke kula da su, da wurin kwanansu daban. A nan ne muka fi ƙarancin hannu. Hajiya, idan ba ku fito ba, 'yan matan nan a gida za su zauna ranar sansani, domin babu uban da zai sa hannu a takarda in babu mace babba a tafiyar, kuma yana da gaskiya.

Wani abu da kan ba iyaye mamaki: 'yan sikawut da hannun hagu suke gaisawa a tsakaninsu, a ko'ina a duniya. Muna koya wa yara cewa wannan tsakanin sikawut da sikawut ne kawai. Dattijo ana rusuna masa, a miƙa dama.

Yanzu ga abubuwan da ke tafe.

Ranar 1 ga Oktoba biki biyu ne a gare mu, 'yancin kai na 1960 da ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996. Idan an shirya fareti, atisaye yakan ci makonni biyu kafin ranar. Abin da ake buƙata a nan mai sauƙi ne: masu kawo ruwa, da mai tsayawa a bayan layi yana duban fuskar yara. Yaron da bai karya ba ya tsaya a rana yakan yanke jiki ya faɗi. Ka kwantar da shi a inuwa, ka ɗaga ƙafafunsa, ka sassauta masa ƙyallen wuya, kada a ɗura masa ruwa sai ya farfaɗo sosai.

A ƙarshen mako na uku na Oktoba kuma 'yan sikawut na duniya suke gaisawa ta rediyo da intanet, al'adar da aka soma da rediyo a 1958. Duk mai kwamfuta ɗaya, da data, da wuta ta yini guda, ya isa ya sa yaran unguwarsa su yi hira da takwarorinsu na Kenya ko Indunisiya. Ɗaliban jami'a, wannan naku ne. Sai dai babba ya zauna kusa da allon, kuma kada yaro ya ba da lambar waya ko adireshin gida.

Babban aikin shekara shi ne sansanin hutun Disamba, kuma a nan zan daɗe, domin a nan ake gane rundunar da ke da manya da wadda ba ta da su. Shiri yana farawa tun Nuwamba. Mutum biyu su je su ga wurin da idonsu, da rana, su kuma tambayi mutanen wurin yadda yake da dare. Ga ƙananan yara na fi son harabar makaranta mai katanga da rijiyar burtsatse, a kan wani fili mai kyan gani a bayan gari. A je a gaida mai unguwa ko dagaci, a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa a rubuce, a san asibitin da za a nufa da kuma motar da za ta kwana a wurin da mai a tankinta. Kowane yaro ya kawo takardar amincewa da sa hannun uba ko mai riƙonsa, da lambar waya biyu, kuma a rubuta idan yana da sikila, asma ko farfaɗiya. Iyaye sukan ɓoye wannan don kada a hana yaro tafiya. Ka gaya musu ba za a hana shi ba, sani kawai muke so, domin sanyin hunturu yana tayar da sikila da asma.

Ruwa a lissafa aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da alwala da wanke hannu. Ke nan jarka mai lita 25 ba ta isar mutum biyu. Idan za a haƙa masai, ya yi nisan mita 30 ko fiye daga rijiya, a ajiye toka da buta da sabulu a bakinsa. Gudawa ita ce ta fi saurin watsa sansani, don haka kowane babba ya haddace haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abinci kuma kada a wahalar da kai. Kunu da ƙosai da safe, garau-garau da rana, tuwo da miyar kuka da dare. Kowane rukuni ya karɓi girki da wanke-wanke bi da bi, babba yana tsaye a kan wuta da wuƙa.

Kayan yaro: tabarma, bargo, rigar sanyi, gidan sauro, tocila, kwano da cokali, man shafawa saboda kaushi, da takalmi rufaffe. Takalmin nan ba ado ba ne. Ƙasarmu ƙasar kububuwa ce, musamman kudancin jiha, shi ya sa ma ake da asibitin saran maciji a Kaltungo, a kan hanyar da ta bi ta Kumo da Billiri. Kububuwa gajera ce, launinta ya saje da ƙasa, da dare take yawo, kuma dafinta yana hana jini daskarewa. A share ciyawa da tarin duwatsu a kewayen tanti, kada yaro ya fita fitsari ba tocila ba takalmi, a zazzage takalmi da safe kafin a sa ƙafa. Idan ƙaddara ta faɗa, Allah Ya kiyaye, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko agogo, a kwantar da yaron, a sa kara ko katako a tallafe gaɓar don kada ta motsa, a ɗauke shi cak zuwa mota, sai asibiti. Kada a tsaya neman macijin, kada a tsaya a wurin mai magani. Na san wannan magana ba ta yi wa wasu daɗi, amma allurar kashe dafi a asibiti take, kuma kowace awa da aka ɓata a hanya jinin yaron ne.

Idan an kai manyan yara ziyara dam ɗin Dadin Kowa, kallo ne ya kai su. Babu wanka, babu shiga kwalekwale sai da rigar ruwa. Bayan haɗarin nutsewa, ruwan da ke kwance yana ɗauke da tsargiya.

Runduna a Gombe takan haɗa yaran Musulmi da na Kirista, kuma alkawarin sikawut da haƙƙin Ubangiji yake farawa. Saboda haka jadawalin sansani a kan lokutan salla ake gina shi, ranar Lahadi kuma a samu babba ya raka masu zuwa coci. Muna buƙatar mai jan salla da mai rakiya, duka biyun. Yaran da suka ɗebi ruwa tare, kowa ya jira ɗan'uwansa ya gama ibada kafin a ci abinci, ba sa mantawa da juna. Ni a wurina wannan yana cikin manyan dalilan da suka sa nake wannan aiki.

Zango na biyu ya fi sauƙi. Ranar 22 ga Fabrairu ake tunawa da wanda ya kafa ƙungiyar, ranar haihuwarsa ce a 1857, mu kan yi ta da sabunta alkawari da sharar unguwa. Ranar 13 ga Maris ta 'yan sikawut na Afirka ce. Daga nan zafi ya sauko, sai mu mayar da taro safiya ko cikin aji. Lokacin Salla manyan yara sukan taimaka a filin idi wajen nuna hanya da haɗa yaran da suka ɓata da iyayensu, amma ba a sa su tare dawaki ko motoci. Sai 27 ga Mayu, ranar yara, a sake fareti.

Na ƙarshe shi ne dashen itace. Wanda ya san Gombe ya san kwarurruka da zaizayar ƙasa ta haƙa a cikin gari har suna cin gidaje, kuma tun 2019 gwamnatin jiha ke da shirin dashe da ake kira 3G. Ka bari ruwa ya zauna, wajen Yuli, kafin a dasa. A haƙa rami mai zurfin kamu guda, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a yanke ledar a cire ta ba tare da an farfasa ƙasar da ke jikin saiwa ba, a dasa da yamma. Darbejiya ta fi jure wahala, mangwaro da zogale kuma sun fi sa yaro ya damu da nasa. Kowane itace a rubuta sunan yaro ɗaya a kansa.

Ranar dashe kowa yana zuwa, har da masu ɗaukar hoto. Abin da ke kashe itatuwa yana zuwa ne daga baya: awaki, da ranin da ke biyo baya, da dogon hutu lokacin da makaranta ba kowa. Don haka muna neman mai walda ko mai saƙar kara da zai yi mana keji, da kuma maƙwabcin makaranta, ko mai gadi, ko mai tura kurar ruwa, wanda zai ɗauki ban ruwa sau biyu a mako daga Nuwamba har ruwan farko ya sauka. Idan gidanka yana kallon katangar wata makaranta kuma kana da rijiya, ka je ka sami shugaban rundunarta tun yanzu, ka ce a rubuta sunanka a kan wannan.