Kaki da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa: inda matasa ke tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne shiga ta ƙofar da ba ita ba. Yaro ya gama sakandare, burinsa ya kula da lafiyar ƙwaƙwalwar sojoji, sai ya ji ana ɗaukar kurata ya garzaya Dafo na Zariya, wai in ya shiga sai ya ci gaba da karatu. Ana ba da izinin karatu a soja, amma ba ranar da ka so ba, kuma inda aka tura ka nan za ka. Ƙofar masu sana'a ita ce DSSC, wato shiga soja kai tsaye a matsayin hafsa, inda ake ɗaukar likitoci da nas-nas da sauran masu digiri su fito da anini a kafaɗa. Gama karatunka tukuna, ka yi bautar ƙasa.

Karatun ma akwai rami a cikinsa. Digirin farko na saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, ba ya mai da mutum mai duba marasa lafiya. Sai ya ƙara digiri na biyu a ɓangaren asibiti. Nas kuma ta nemi ƙarin horo kan taɓin hankali. Kafin ka cike fom ɗin DSSC, ka koyi aiki ko da na wata shida ne a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya, na Barnawa a Kaduna, ko na Kware, ko na Maiduguri. A karanta kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Takardu: in Muhammadu ne a sakamakon WAEC amma Mamman a katin NIN, gyara tun yanzu. Fom kyauta ne a intanet, duk wanda ya ce kawo kuɗi ɗan damfara ne. Gudu kuwa a fara shi watanni kafin tantancewa, kuma a nisanci tiramadol, don ana gwajin ƙwaya.

Abin da ba a faɗa wa kowa shi ne aninin nan kan toshe bakin mara lafiya. Kofur ya dawo daga fagen daga a Borno, barci ya ƙaurace masa, ƙarar rufe ƙofa na sa shi zabura. Ya shigo ofishinka ya ƙame, ka tambaye shi lafiya, ya ce "Lafiya lau, yallaɓai." Tsoronsa kada maganar ta kai kunnen kwamanda, ko a ce masa mahaukaci a bariki. Sa shi ya zauna. Fara da tambayar barci da ciwon kai, waɗanda ba ya jin kunyarsu. Sannan tun zaman farko ka gaya masa a fili abin da zai tsaya tsakaninku, da abin da dole ka kai gaba, kamar in ransa ko na wani na cikin haɗari alhali bindiga na hannunsa.