Sababbin zuwa: ku saita maɓallan sauti kafin maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa

Galibin sabon zuwa Turai ɗaki yake samu a gidan haɗaka, bango kuma siriri ne. A Jamus, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, kuma ba sa wasa da shi. Don haka ku saita kwamfuta yadda hannu ɗaya zai rage sauti nan take.

Ku fara da jerin maɓallan sama, F1 zuwa F12. Idan kun danna mai hoton lasifika bai yi komai ba, ku haɗa shi da Fn. A yawancin Dell da Lenovo, Fn da Esc tare suna kulle wannan, sai ku huta da danna biyu.

A VLC, manhajar kunna bidiyo da waƙa, Ctrl da P suna buɗe saituna, sai ku shiga Hotkeys, wato sashen saita maɓallai. Can ƙasa akwai zaɓin aikin ƴar tayar linzami: ku sa ta a kan Volume control. In tana kan Position control, kuna murzawa bidiyo zai yi tsalle gaba ko baya maimakon sauti ya ragu. Layin Global shi ne mafi amfani, mutane kuma suna tsallake shi: maɓallin da kuka sa a nan yana aiki ko da kuna cikin wata manhaja. Ku danna gurbin sau biyu, ku latsa maɓallin, ku adana, sannan ku rufe VLC ku sake buɗewa. Ba a sake buɗewa ba, ba zai kama ba.

Wani lokaci kun saita komai daidai, amma kuna danna tsayarwa sai YouTube ya tsaya, VLC na ci gaba. Burauza ce ta ƙwace maɓallin; Chrome na yin haka tun 2019. Ku rufe shafin YouTube ɗin. A Firefox kuma ana hana wannan ƙwacen a saituna, ƙarƙashin Browsing.

Kibod ɗin Faransa ya sauya wa M wuri, yana daman L, kuma M ne ke kashe sauti a VLC. Ku nemo shi tun da rana.

Sautin VLC yana iya wuce kashi 100, amma duk abin da ya haura 100 karkarwa yake sa ƙananan lasifiku. Ku bar shi a 100, ku daidaita na Windows: a Windows 11, ku ɗora linzami kan hoton lasifika na ƙasa ku murza tayar.