Yadda zaki buɗe 'yar makarantar yara a gida ba tare da kin tsawwala kuɗi ba

Tun kafin ki sayi ko alli ɗaya, zauna ki yanke yara nawa zaki iya riƙewa. Nan ne ake yin ɓaranɓarama, sai mutum yace tunda kuɗi kaɗan zan karɓa bari in tara yara da yawa ko ya biya. Nima haka nayi a zangon farko, yara sha huɗu ni kaɗai, wannan na kuka wancan ya jiƙa wando wata ta gartsa wa ƙawarta cizo a hannu, kafin sha biyun rana kaina kamar ya rabe biyu. In ke ɗaya ce yara shida 'yan shekara uku zuwa biyar sun isheki, in zaki wuce haka toh nemi mataimakiya. Kuma ki leƙa hukumar dake kula da ilimi a inda kike, wurare da yawa sai anyi rajista ko an karɓi lasisi, suma suna da nasu adadin.

Sai ɗakin. Ki durƙusa ki rarrafa a cikinsa kamar yaro, ba wasa nake ba, abinda baki taɓa gani ba a tsaye zaki ganshi. Soket ɗin wuta a toshe, magani da bilic da ashana a sama cikin kabad mai makulli, wayar fanka kar ta yi lilo. Bokitin ruwa kuwa shine abinda yafi bani tsoro, ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba in ya kifa a ciki, kuma ba zaki ji ihu ba. Na taɓa juya baya minti ɗaya na tarar da wani ya zura rabin jikinsa yana kamo kofi, tun ranar bana barin ruwa a buɗe. Duk abin wasan da zai shige ta cikin bututun kwalin dake tsakiyar naɗin tishu ya yi ƙanƙanta ga ɗan ƙasa da shekara uku, zai iya shaƙe shi.

Arhar makarantarki daga kayan aiki zata fito. Maria Montessori, wata malama 'yar ƙasar Italiya da yanzu ake rubuta sunanta a allon makarantun masu kuɗi, ajinta na farko a 1907 ta buɗe shi a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum, ga yaran da iyayensu ke wuni wajen aiki. Ƙananan kujeru daidai su, kaya a ƙasa inda hannunsu zai kai, suna shara suna goge teburi suna koyon ɓalla maɓalli. Wanne ne a ciki ba zaki iya ba? Kwali babba ya zama mota yau gobe ya zama gida, guntayen katako da aka goge su zama bulo, yashi a faranti yaro ya rinƙa zana harafi da yatsa, kofuna biyu da ɗan ruwa kina tsaye a kansu su koyi zubawa. Littattafan hoto na hannu guda goma sun isa farawa, kar ki fito dasu duka, ki rinƙa canzawa duk sati sai su zama kamar sabbi.

Awa uku zuwa huɗu a rana ya wadatar. Ki tsara ranar ta zama iri ɗaya kullum, gaisuwa da waƙa a zagaye, wasa da hannu, wanke hannu da sabulu, cin abinda suka zo dashi, fita tsakar gida, labari, hutu. Zaman koyarwa kar ya wuce minti goma zuwa sha biyar, daga nan hankalinsu ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 tace 'yan shekara uku zuwa huɗu suna buƙatar motsa jiki na minti 180 a rana, kallon waya ko talabijin kuma kar ya wuce awa ɗaya, wannan awar tuni sun cinyeta a gida don haka ni bana kunna komai.

Iyaye zasu matsa miki, ina aikin gida, ya har yanzu baya rubuta sunansa. Ki lallaɓa su. Ɗan shekara uku yatsunsa basu yi ƙwarin riƙe fensir ba, murza laka da yaga takarda sune suke gyara hannun. Ki ajiye wa kowa fayil na zanensa da kwanan wata, ƙarshen zango ki shimfiɗa wa uwar ta gani da idonta, yawanci bakin ke mutuwa nan.

Batun kuɗi kuma, rubuta duk abinda ke fita a wata, sabulu, takarda, ruwa, wuta, albashin mataimakiya, da naki albashin, don Allah kar ki manta kanki. Ki raba da yawan yaran ki ɗan ƙara wani abu saboda watan da wani zai fita. A biya farkon wata. Kunya ce ke kashe irin wannan sana'a, maƙwabciya tace sai wani sati, satin ya zama zango.

Shi yasa ki yi takarda shafi ɗaya kowa ya sa hannu. Lambobin waya biyu, abinda jikin yaro baya karɓa, sunan wanda aka yarda ya zo ɗaukarsa, wanda ba ya ciki ko ya rantse kar ki bashi sai kin kira. Mai zazzaɓi ko gudawa ko jan ido ya zauna gida. Lokacin tashi ma ki rubuta shi ɓaro-ɓaro da 'yar tarar makara bayan minti talatin, in ba haka ba zaki tsinci kanki ƙarfe biyar da ɗan mutane yana barci akan kujerarki, wayar babansa a kashe.