Yadda Ake Zaɓar Kayan Ɗaure Lodi a Tirela Mai Shimfiɗaɗɗen Baya

Tirelar da ba ta da bango a gefe ba ta da abin da zai tare kaya face ɗaurin da aka yi musu, saboda haka zaɓen bel da sarƙa ba lamari ba ne da za a yanke da kallon kauri ko sabunta. Abin da ya kamata a fara nema shi ne lambar da kamfani ya buga a ƙyallen bel ko a jikin ƙarfe, wadda ke nuna iyakar nauyin da aka amince abin ya riƙe a bakin aiki, ana rubuta ta da haruffan WLL, ko kuma LC a kayan Turai. Kada a rikita ta da lambar ƙarfin tsinkewa, wadda a bel takan ninka ta sau uku, domin wannan babbar lamba ita ce ke ruɗin mai saye.

Daga nan sai lissafi. Dokar sufuri ta Amurka ta tanadi cewa idan aka tara iyakar dukkan abubuwan ɗaurin, jimlar ta kai aƙalla rabin nauyin kayan, kuma ɗaurin ya iya jure tunkuɗar gaba da ta kai kashi 80 cikin 100 na nauyin lodin, wato irin wadda ke zuwa idan aka taka birki da ƙarfi. A ce lodin tan 18 ne, kuma bel mai faɗin inci 4 yana ɗauke da kilo 2,450. Bel huɗu da aka tsallakar daga wannan gefe zuwa wancan sun ba da kilo 9,800, sun haura tan 9 da ake buƙata. Amma tsawo ma yana da nasa hukunci: kayan da ba a jingina su da allon da ke gaban tirela ba suna buƙatar ɗauri biyu a mita 3 na farko, da ƙarin ɗaya a kowace mita 3 bayan haka, don haka idan lodin nan ya kai mita 12, bel biyar ne mafi ƙaranci. Adadin da ya fi yawa shi ake bi.

Irin kayan shi ke raba gardama tsakanin bel da sarƙa. Katako, buhuna da kayan da aka jera a kan fale, wato dandamalin katako da ake ɗora kaya a kai, sun fi dacewa da bel, domin ba ya ƙwarzane su. Injinan gini, manyan ƙarafa da duk abin da ke da kaifi ko zafi na sarƙa ne, kuma sarƙar sufuri ita ce mai daraja ta 70 a matakan ƙarfin sarƙa, wadda mai kaurin milimita 10 ke riƙe kusan kilo 2,990. Wajen abin ɗame sarƙa, a ganina mai zare da ake juyawa sannu a hankali ya fi mai hannu da ake dannawa lokaci guda, saboda na biyun yana iya fizgowa ya bugi fuskar mai aiki, musamman idan an zura masa bututu don ƙarin ƙarfi.

Abin da aka fi mantawa shi ne cewa ƙarfin ɗauri yana tsayawa ne a kan sashe mafi rauni. Sarƙa mai kyau da aka haɗa da ƙugiya ko zoben tirela mai ƙaramar lamba ta koma daidai da wannan ƙaramar lamba. Haka kuma bel ɗin da ya kwanta sosai ba ya danna kaya ƙasa yadda ake zato, domin a karkatar digiri 30 daga shimfiɗar tirela rabin ɗamewarsa kaɗai ke zama danni. Shi ya sa ake haɗawa da shimfiɗar roba mai hana zamewa, da weji ga abin da ke mirginawa, da matashin kusurwa da ke hana kaifi yanke bel.

Bel ɗin da ya tsage, ya ƙone, aka ƙulla shi, ko ƙyallen lambarsa ya goge, a fitar da shi daga aiki, haka ma sarƙar da zobenta ya miƙe ko ya tsage. Bayan an tashi, a tsaya cikin kilomita 80 na farko a sake ɗame komai, domin a wannan tazara ce lodi ke zaunawa ɗauri ya saki, sa'annan a riƙa dubawa duk bayan awa 3 ko kilomita 240, duk wanda ya riga zuwa.