Kurakuran Da 'Yan Sa Kai Suka Fi Yi Wajen Rubuta Labarin Take Haƙƙi

Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam a Najeriya sun dogara ƙwarai da 'yan sa kai, galibi ɗalibai da malaman makaranta da masu yi wa ƙasa hidima, domin su ne ke zaune a unguwanni da ƙauyukan da ma'aikatan ofis ba su cika kaiwa ba. Su ke fara jin an tsare wane, ko an rushe rumfunan kasuwa, ko an hana marainiya gadonta. Sai dai sau da yawa fushin mai rubutu yakan riga hujjarsa isa kan takarda, kuma kusan duk kurakuran da za a ambata daga nan suke tsirowa.

Mafi yawa a cikinsu shi ne cakuɗa abin da mutum ya gani da abin da aka faɗa masa. Ɗan sa kai zai rubuta cewa jami'an tsaro sun lakaɗa wa wani matashi duka, alhali bai je wurin ba, kuma wanda ya ba shi labarin ma a bakin wani ya ji. Gyaran wannan ba shi da wuya: kowace jimla ta nuna tushenta. A rubuta cewa mahaifiyar yaron ta ce kaza, maƙwabta biyu sun tabbatar da kaza, takardar asibiti ta nuna kaza, sannan a nemi jin ta bakin wanda ake zargi, idan ya ƙi magana a rubuta cewa an neme shi ranar kaza bai amsa ba. Hoton da aka tsinta a WhatsApp kuwa ba ya zama shaida sai an san wanda ya ɗauke shi, a ina, kuma yaushe, domin tsofaffin hotunan wasu ƙasashe sukan dawo da sabon suna duk lokacin da rikici ya tashi.

Dab da wannan akwai yanke hukunci kafin kotu. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, kuma abin kunya ne ƙungiyar da ke fafutukar kare wannan haƙƙi ta kira mutum ɓarawo ko azzalumi tun ba a gurfanar da shi ba. Kalmomin "ana zargi" da "ana tuhuma" su ne garkuwar mai rubutu. Ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa, kuma an sha kama 'yan jarida da masu rubutu a intanet da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. An taƙaita sashen a gyaran 2024, amma kamen bai tsaya ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne tona asirin wanda aka zalunta da sunan taimaka masa. Mai rubutu zai ɓoye sunan yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ya ɗauka ya gama aikinsa, sai ya ambaci unguwarsu da makarantarta da sana'ar mahaifinta. A gari irin namu, inda kowa ya san gidan kowa, wannan daidai yake da rubuta sunanta a bango. Shi zai koma harkokinsa bayan mako guda, ita kuwa za ta zauna da surutun mutane har lokacin aurenta da bayansa. Don haka kafin a wallafa komai a zauna da mutumin, ko da waliyyinsa idan yaro ne, a bayyana masa inda labarin zai je da waɗanda za su iya karantawa, a kuma ba shi damar cewa a'a ko da bayan an gama hira. Amincewar da aka karɓa daga mutum yana tsakiyar kuka, ko yana zaton za a ba shi kuɗi, ba amincewa ba ce. Haka nan a goge duk abin da zai nuna mashaidi, musamman idan wanda ake zargi mai iko ne a garin.

Sai kuma ambaton doka da ka. Wasu sukan rubuta cewa abu "ya saɓa wa doka" ba tare da faɗin wace doka ba, alhali faɗinta ne ke sa hukuma ta saurara. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta kama wani a madadin wanda ake nema. Amma a lura cewa dokar haƙƙin yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ba sa aiki a jiha sai majalisarta ta yi nata tsarin, kuma jihohi sun yi sauye-sauye a nasu, saboda haka dokar jihar ce za a buɗe a duba kafin a kafa hujja da ita.

Akwai kuma masu cika rubutu da kalmomin taron bita, har muryar mai ƙorafi ta ɓace, ga shi kuwa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A bar manomin da aka ƙwace wa gona ya faɗi shekara nawa ya yi yana nomanta da buhu nawa yake samu.

Da yawa kuma sukan ɗauka aiki ya ƙare ranar da labari ya fita. Ya kamata rubutun ya nuna inda mai irin wannan matsala zai dosa, kamar Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, ko hukumar ba da agajin lauya kyauta ga marasa hali. Idan wata ma'aikata ta ɓoye bayani, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ta kwana 7 ta amsa buƙatar da aka shigar a rubuce, sai a riƙe kwafin wasiƙar mai ɗauke da hatimin karɓa da kwanan wata, a koma a rana ta takwas.